Yadda Ake Tsare Launin Ganyen da Aka Busar

Masanan tsire-tsire suna da ɗakunan ajiya inda suke tara busassun ganyaye da furanni, a manne a bisa takarda, kowane da sunansa. Wani malami mutumin Italiya, Luca Ghini, shi ake dangana wa wannan dabara tun wajen 1540, ɗakin ajiya na Kew a Ingila kuwa, wanda aka kafa cikin 1853, takardunsa sun kai miliyan 7. Mu da za mu koyar da yara a makarantun ƙauye, tilas mu haɗa namu ƙanana. To, kadan ganyen ya koma ruwan ƙasa, yaro ba zai gane shi ba ran da ya gamu da ɗanyensa a daji, wahalarmu ta tashi a banza ke nan.

Abin da ke ɓata launi jinkirin bushewa ne. Ganye ba ya mutuwa da tsinkewa. Muddin da sauran ruwa a jikinsa, waɗansu abubuwa da ke ciki su kan haɗu da iska su dafe shi, tamkar yadda goro ke sāke launi bayan an ɓare shi. Koren kansa kuma ba ya jure zafi mai tsanani. Saboda haka sai mu shimfiɗa ganyen tsakanin tsofaffin jaridu, mu danne da allo biyu, mu ɗaure tam da igiya. Amma fa a riƙa sāke jaridun kowace safiya, tun ba kwana ukun farko ba, gama nan ne yawancin masu wannan aiki ke yin ragwanci. Da hunturu iska ta ɗauke mana rabin aikin. Da damina kuwa, sai a ajiye allunan kusa da murhu inda ɗumi ke ratsa su ba ƙuna, in ba haka ba fumfuna ta cinye kome. Tsiro mai kaurin ganye irin kabar giwa ya kan yi makonni a matse bai mutu ba, sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa tukuna.

Launi ma suna suka tara. Fure rawaya ya kan daɗe da kyansa, shuɗi kuwa shi ne mai saurin kodewa. Talaki, da yake abin rini ne, duhu ya kan yi kome ƙoƙarin mutum.

Bayan bushewa, babban magabci haske ne. Mun san malami ya kan so ya kafa takardunsa a bango domin mai duba makarantu ya gani, amma wata kaɗan sun kode. Gara a rufe su cikin akwati, a fito da su lokacin darasi. Tun a daji kuma, kafin a matse tsiro, mu rubuta launin furensa da na ganyensa, da wurin da muka same shi, da kwanan wata.