Akwatin wuta a kasuwannin Sokode da Dapaong: Yadda za ka saye shi, ka more shi, ba tare da ya cinye maka jari ba

Daga wakilinmu a Sokode

Duk wanda ya zaga kasuwar Sokode da almuru, ko ya kwana a Dapaong kan hanyarsa ta zuwa Sinkase, zai lura da wani baƙo da ya shigo rumfunan 'yan kasuwa a 'yan shekarun nan. Wani ɗan akwati ne mai marfin riƙewa, wanda nauyinsa bai kai na jarkar ruwa ba, amma ana jona masa ƙwan fitila da fanka da wayoyin salula ya riƙe su har dare ya yi nisa. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya shan fetur. Wasu na ce masa akwatin wuta, wasu kuma batirin tafi-da-gidanka.

Zuwansa bai zo da mamaki ba. A yau rabin cinikin ɗan kasuwa a cikin wayarsa yake: da ita yake jin farashi daga Lome ko Kano, da ita yake karɓar kuɗi ta Flooz ko Mixx, wadda da aka sani da T-Money, da ita kuma yake bin sawun direban da ya ɗauko masa kaya. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Salaga, suna ya da zango a Didawure ta Sokode da Sansanin Mango, guzurinsu ƙanzo ne da gorar ruwa. Bafataken yau kuwa, in wayarsa ta mutu, kamar an rufe masa rumfa ne.

Dalilin da ya sa ake rububinsa

Ƙasar Togo na sayen wani kaso mai yawa na wutar da take sha daga maƙwabta, musamman Ghana da Najeriya, ta ƙara da abin da take samu daga madatsar ruwa ta Nangbeto da tashoshin da ke Lome. A shekarar 2021 an buɗe babbar tashar wutar rana a Blitta, kudu da Sokode, wadda ta fara da megawat 50, kuma gwamnati ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kai wuta ga kowa. Tun 2017 ma aka ƙaddamar da shirin CIZO na kai sola gidajen karkara. Duk da haka, a 2024 an sha fama da ɗauke wuta a faɗin ƙasar, abin da hukumomi suka danganta da ƙarancin iskar gas da ke zuwa ta bututu daga Najeriya.

A da, in wuta ta tafi sai a tayar da ƙaramin janareto. Amma tun daga watan Mayun 2023, da Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin kwalba da ake tsallakowa da shi ya daina araha irin ta da. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka karkata ga akwatin wuta. Sai dai kuma kuɗinsa ba ƙanana ba ne, kuma na ga waɗanda nasu ya lalace tun bai cika shekara ba, ba don komai ba sai don rashin sanin yadda ake tafiyar da shi.

Mene ne a cikinsa?

Abubuwa uku ne aka haɗa wuri guda. Na farko batirin litiyom, ɗan uwan na cikin wayarka amma babba. Na biyu inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batiri ta koma irin ta soket ɗin gida. Na uku wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ke gadin batirin, tana yanke wuta in an yi masa lodi fiye da ƙima ko in ya ɗauki zafi. Akwatin ba ya haifar da wuta, rumbu ne kawai: abin da ka zuba masa shi za ka ɗiba, har ma da ɗan ragi.

Lambobi biyu ne ya kamata mai saye ya duba a jikinsa. Wadda aka rubuta Wh a gabanta ita ce girman rumbun, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa. Wadda aka rubuta W kaɗai kuwa, wato wat, ita ce faɗin ƙofar rumbun, wato nauyin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Rikita waɗannan biyun ne ke jawo yawancin rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Mu ɗauki akwati mai Wh 500. Inbata kan ci nata rabon, saboda haka abin da zai zo hannunka bai wuce kamar Wh 425 ba. In ka kunna ƙwai biyu masu wat 10 kowanne da fanka mai wat 50, ka ɗora masa wat 70 ke nan. Raba 425 gida 70, za ka ga awa shida zai kai ka. In kuma cajin waya kake yi wa mutane, wayar da batirinta ke da mAh 5,000 tana shan kusan Wh 19 kafin ta cika, ke nan kimanin waya ashirin zai cika maka. Amma dutsen guga mai wat 1,000 ko hitar dafa ruwa ba abokan tafiyarsa ba ne: in ƙarfin akwatin wat 500 ne, nan take zai yanke, in ma ya iya ɗauka, ba za a yi rabin awa ba rumbun ya zama wayam. Firiza ma sai an yi hattara, domin a lokacin da injinta ke tashi takan fizgi ninkin ba ninkin abin da aka rubuta a jikinta.

Kafin ka zaro kuɗi

Da farko, kada manyan lambobi su ruɗe ka. Wasu kwalaye sukan rubuta mAh 100,000 da manyan baƙaƙe, alhali in aka yi lissafi Wh 370 ne kacal. Ka nemi a nuna maka Wh. In babu shi a ko'ina, to ka ja da baya.

Na biyu, ka tambayi irin batirin. Akwai wanda ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP, wanda masu ƙera shi ke cewa yana jure cikawa da ƙarewa kamar sau 3,000 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari. Akwai kuma ɗaya nau'in, mai rashin nauyi, wanda yawanci sau 500 zuwa 800 ake ba shi. Na farkon ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, saboda haka shi ya fi dacewa da ƙasarmu. Ga misali don lissafi kawai: a ce ka sayi na farko sefa dubu 300, kowane caji ya tsaya maka sefa 100 ke nan. A ce ka sayi na biyu dubu 200 mai sau 500, kowane caji sefa 400 ne. Araha dai ba ta ado.

Na uku, ka duba ƙarfin wutar da yake fitarwa. Togo da Burkina Faso da Benin da Nijar da Ghana da Najeriya duk a kan bolt 220 zuwa 230 suke. Amurka kuwa bolt 110 zuwa 120 take amfani da shi, kuma a cikin kayan gwanjo da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome akan samu akwatunan da aka ƙera don can. Irin wannan ba zai juya maka fanka yadda ya kamata ba, kuma in ka jona shi a soket ɗinmu ba tare da ka duba abin da cajarsa ke karɓa ba, kana iya ƙona shi a ranar farko.

Na huɗu, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin, ka kuma tambaya dalla-dalla: in ya lalace, wa zai gyara, a ina, kuma garantin na wata nawa ne? Sunaye irin su EcoFlow da Bluetti da Jackery da Anker sun shahara a duniya, amma shahararren suna shi ne 'yan jabu suka fi son liƙawa a kwali. Rasit ɗin zai kuma yi maka rana a bakin iyaka in jami'an kwastan suka tambaya.

Zafi da ƙura, manyan maƙiya

Ni kaina na sha darasi. Muna da irin wannan akwati da muke fita da shi ƙauyuka ɗaukar shirye-shirye. Wata rana a cikin watan Maris na bar shi a cikin mota, gilasai a rufe, tun hantsi har la'asar. Da na dawo ko taɓuwa ba ya yi, kuma ya ƙi karɓar caji sai da ya huce. Bayan na maimaita wannan gangancin sau da yawa a bazarar, akwatin da ke kai mu yini guda ya koma ba ya kai azahar. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

A Dapaong da Mango zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, kuma yawancin waɗannan akwatuna iyakar zafin da aka yarda a yi musu caji a ciki ke nan, ko sama da haka kaɗan. Cikin kwantena mai rufin kwano ko but ɗin mota ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka faifan sola ne ke son rana, akwatin kuwa inuwa yake so. Ka ja waya mai tsawo, ka ajiye shi a kan benci inda iska ke ratsawa, kada ka jingina shi da bango ko ka rufe shi da buhu don ɓoye shi daga idon mutane.

Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ƙofofin da fankar cikinsa ke shaƙar iska. Ka riƙa share su da busasshen burushi kowane mako. Faifan sola ma a goge shi da sassafe da tsumma mai laima, domin ƙura na rage abin da yake kawowa ƙwarai. Da damina a ɗaga akwatin daga ƙasa, domin yawancinsu ba a yi su don ruwa ba.

Ladabin caji

Ka yi amfani da cajar da ta zo da shi. Kafin ka jona masa faifan sola, ka duba iyakar bolt da aka rubuta a bakin ramin shigar wuta, domin haɗa faifai biyu ko uku a jere na ninka bolt, kuma wannan na iya kashe na'urar nan take. Ka kuma sani cewa faifai mai wat 100 bai cika ba da fiye da kamar Wh 400 a yini ba, ko da rana ta buɗe sosai. Mai akwatin Wh 500 da ke son ya cika kullum gara ya nemi faifai mai wat 200.

Kada ka saba barinsa ya mutu murus. In ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, ka sa shi caji. In za ka yi doguwar tafiya ka bar shi a gida, ka bar shi a kan rabi ko sama da rabi kaɗan, a kashe, kuma a riƙa duba shi duk bayan wata uku. Masu cajin waya su jona ta ramukan USB kai tsaye, su kashe ɓangaren soket, domin inbata na shan wuta ko da ba a jona mata komai ba. Direbobin da ke bin babbar hanya daga Lome zuwa Sinkase suna iya cika shi daga soket ɗin mota, amma sai inji na aiki, in ba haka ba batirin motar zai tsotse.

Masu zuwa sarin kaya Dubai ko Sin, da maniyyata aikin Hajji, su lura: dokar jiragen sama ba ta yarda fasinja ya shiga da batirin litiyom da ya wuce Wh 160 ba, ko a hannu ko a cikin kaya. Wanda ya saya a can sai dai ya turo ta hanyar masu dakon kaya.

Batun gobara

Wannan shi ne ya fi komai muhimmanci, domin ba dukiyarka kaɗai ta shafa ba. 'Yan kasuwar Togo ba su manta da watan Janairun 2013 ba, lokacin da kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome suka ƙone kwana biyu tsakani, haka ma mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba. Ba batiri ne ya haddasa waɗancan ba, amma sun nuna mana yadda wuta ke cin rumfa ɗari daga rumfa ɗaya.

Batirin litiyom in ya kama, kashe shi na da wuya, kuma yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Don haka kada ka bar akwati a kan caji ka kulle rumfa ka tafi gida. Kada ka ajiye shi kusa da jarkar fetur, atamfa ko katifa. In ka ga ya kumbura, ko ka ji wani wari mai kama da na sinadari, ko ya yi zafi alhali ba ya aiki, ko ya faɗo daga mota ya tsage, ka cire duk wayoyi, ka fitar da shi fili nesa da kaya da mutane. In ya fara hayaƙi, kada a tsaya shaƙa, a kira 'yan kwana-kwana. Kada ka bari mai gyaran rediyo ya cire 'yar ƙwaƙwalwar da ke gadinsa don wai tana yawan yanke wuta, yankewar nan ita ce ke tsare ka. In ya mutu kuma, ba a jefa shi a bola, inda ake cinna wa shara wuta ko yara su fasa shi. A mayar wa dillalin da ya sayar ko masu harkar sola.

Shawara ga shugabannin 'yan kasuwa a Sokode da Dapaong da Sinkase ita ce su sa wannan magana cikin dokokin kasuwa, masu gadi su riƙa tabbatar da cewa ba a bar komai a kan caji ba bayan an tashi. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya yi lissafi kafin ya saya, ya ba akwatinsa inuwa, ya kuma ɗora masa daidai ƙarfinsa, zai ci moriyarsa shekaru masu yawa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu.