Shekara 40 tsakanin binciken zur Hausen da allurar 'yan matan Zamfara

A ƙarshen watan Mayun 2024 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a Zamfara, cikin zagaye na biyu da ya haɗa jihohi 21. Zagayen farko, wanda aka buɗe ranar 24 ga Oktoban 2023, jihohi 15 da Abuja kawai ya shafa. Abin da aka zuba cikin sirinjin nan a Gusau da Tsafe da Bunguɗu amfanin aikin wani masanin ƙwayoyin cuta ne ɗan Jamus, Harald zur Hausen, wanda ya rasu a 2023, wata biyar kafin allurar ta shigo Najeriya.

A shekarun 1970 yawancin masana sun karkata ga cewa wata ƙwayar cuta daban ce ke haddasa wannan sankara. Shi kuwa ya dage a kan HPV, dangin ƙwayar da ke fitar da tsiro a fata, wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. A 1983 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'in HPV 16 daga cikin naman sankarar kanta, a 1984 suka samo HPV 18. Waɗannan biyun ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Binciken da ya biyo baya ya nuna yadda suke ɓarnar. A cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai sinadarai biyu, p53 da Rb, masu aikin maigadi: in ƙwayar ta lalace, sai su hana ta hayayyafa ko su kashe ta. HPV na ƙera nata sinadaran, E6 da E7, ta kassara su duka biyun. Daga nan ƙwayar da ta lalace ta ci gaba da yaɗuwa a hankali, shekara 10, 15, har 20, mace ba ta jin ciwon komai. Gano alaƙar HPV da wannan sankara ne ya sa aka ba zur Hausen kyautar Nobel a 2008.

Allurar ta fito kasuwa a 2006, kuma ta cika alkawari. Wani nazari da aka buga a 2021 ya nuna cewa a Ingila sankarar ta ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka ba damar yin allurar suna da shekara 12 zuwa 13. A Najeriya kuwa, a 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu.

Me ya jinkirta isowar allurar Najeriya? Da farko kuɗi: a Amurka allura ɗaya ta haura dala 100, kuma uku ake yi a lokacin. Sai a 2013 ƙungiyar Gavi ta samo wa ƙasashe matalauta ita a kan ƙasa da dala 5, sannan aka shiga shekarun da kamfanoni suka kasa wadata duniya. Abin da ya buɗe hanya shi ne matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 cewa allura ɗaya ta wadatar. Ga ƙauyen da ma'aikacin lafiya ba ya da tabbacin zai iya komawa bayan wata shida, wannan sauyi ya fi kowanne amfani.

Amma isowar allura Gusau ba isowarta hannun yarinya ba ne. A ƙasashe da dama makaranta ce hanyar kai ta. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, inda 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwa, makarantu suka zama kufai, yarinya mai shekara 12 tana iya kasancewa a wurin talla, ko a gudun hijira, ko ana shirin aurenta. Ita ce ta fi bukatar kariyar, domin allurar tana aiki ne kafin ƙwayar ta shiga jiki, kuma ita ce ta fi wuyar samu.

Sai zargi. Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Uban da ya tambayi dalilin da ya sa 'ya'ya mata kaɗai ake nema, bai yi tambayar banza ba. Ya cancanci amsa daga bakin limaminsa da hakiminsa da ungozomar unguwarsa: allurar ba ta hana haihuwa, mahaifar ma take tsarewa, kuma mace na iya ɗaukar ƙwayar daga mijinta na sunna ba tare da ta aikata wani abin kunya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaye mata. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Ita gwaji take bukata, kuma binciken zur Hausen ya samar da shi: ana iya gano HPV a jikin mace tun kafin sankara ta tsiro, a ƙone wurin cikin 'yan mintuna. Ko gwajin shafa ruwan tsami, mai araha, ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta iya yin sa a asibitin sha-ka-tafi. A halin da ake ciki, mace takan yi ta fama da zubar jini, a ce jifa ne ko iska, a sha saiƙe-saiƙe, sai ciwo ya ci ƙarfinta a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Yariman Bakura. Daga nan kuma a tura ta gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya, ko asibitin Shika a Zariya, ta hanyar Tsafe zuwa Funtuwa da kowa ke bi da fargaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son kafin 2030 a yi wa kashi 70 cikin 100 na mata gwaji sau biyu, a shekara 35 da 45. Tsafe tana da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, Gusau tana da jami'ar tarayya tun 2013. Ya kamata gwamnatin jiha ta sa koyon wannan gwaji cikin horon ɗaliban kwalejin, ta haɗa shi da ranar awon ciki, jami'ar kuma ta binciko nau'o'in HPV da suka fi yawo a tsakanin matan jihar.