Rage Shekarun Jefa Ƙuri'a Zuwa 16: Dalilai da Sharuɗɗa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana dalilan da suka sa waɗansu ƙasashe suka rage shekarun jefa ƙuri'a daga 18 zuwa 16, sa'an nan a duba ko waɗannan dalilai za su iya tsayuwa a Nijeriya.

Da farko ya kamata mu tuna cewa ita kanta shekara 18 ɗin ba daɗaɗɗiyar iyaka ba ce. Kafin dokar 1969, sai mutum ya cika 21 yake jefa ƙuri'a a Birtaniya. Amurka ta sauko zuwa 18 a 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, domin an ga rashin dacewar a ɗauki saurayi soja, a tura shi bakin daga, alhali ba shi da ta cewa a kan waɗanda suka tura shi. A nan gida kuwa, 21 ce iyaka a Jamhuriya ta Ɗaya. Zaɓen 1979 shi ne zaɓen tarayya na farko da 'yan shekara 18 suka shiga, kuma a cikinsa ne matan Arewa suka fara zaɓen tarayya. Watau dai doka ce ke yanka wannan iyaka, ita ce kuma kan sake yanka ta.

Birazil ta bai wa 'yan shekara 16 dama a tsarin mulkinta na 1988, ba tare da ta tilasta musu ba. Ostiriya ta biyo baya a 2007, Ajantina a 2012. Amma misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Sikotland, wajen ƙuri'ar raba-gardama ta 2014. Binciken hukumar zaɓe ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin ɗari na 'yan shekara 16 da 17 sun fito, alhali na 'yan 18 zuwa 24 bai wuce kashi 54 ba. Bayanin da masana kan yi shi ne, ɗan shekara 16 yana gaban iyayensa, yana kuma makaranta inda ake tattauna al'amuran ƙasa, shi kuwa ɗan 19 ya bar gida neman ilmi ko abinci, hankalinsa ya rabu. Wanda ya fara zaɓe da wuri kuwa, ana sa ran abin zai zame masa jiki.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Wannan hujja kacokan a kan makaranta ta dogara, mu kuwa a Arewa yara da yawa masu wannan shekaru ba sa cikin aji, musamman mata. Yaron da bai sami darasin zaman ɗan ƙasa ba, ƙuri'arsa ta fi kusa da zama ta ubangidansa. Abu na biyu, kuma a ganina shi ya fi nauyi, shi ne rajistar haihuwa. Inda ba a rubuta ranar haihuwa, da ido ake ƙiyasta shekaru. Mahalarta za su tuna hotunan ƙananan yara a layin zaɓe da suka yaɗu bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018. In an kasa tsare iyakar 18, saukar da ita zuwa 16 zai buɗe ƙofa ga ɗan 13.

Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, na Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, amma bai taɓa shekarun mai zaɓe ba, waɗanda sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 ya ajiye a kan 18.