Noman Ƙananan Albasa Daga Iri a Lambun Gida: Misali Daga Mutum Biyu

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba." Ana faɗin haka ne idan ɗa ya ƙi ɗauko halin iyayensa, domin duk ruwan da albasa ke sha a lambu bai raba ta da yaji ba. To amma akwai abu guda da albasa ke bin umarnin mai ita a kansa, wato girma. Manomi ne ke yanke mata girmanta, ta hanyar tazarar da ya bari tsakanin wannan tushe da wancan. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake samun ƙananan albasa daga iri a ɗan filin bayan ɗaki, da yadda ake tsima su a ruwan khal su daɗe ba su lalace ba. An yi la'akari da yanayin garin Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol ta jihar Taraba, wanda ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari.

Asalin Kalmar

Kalmar albasa ararriya ce daga Larabci, inda ake cewa al-basal. Hausa ta haɗe harafin "al" da sunan suka zama kalma ɗaya, kamar yadda ta yi a alƙali da alkama da aljihu. Bayarabe na cewa alubosa, Ibo kuma na cewa yabasi, kuma duk mai kunnen harshe zai ji kusancinsu da ta Hausa.

Me Ya Sa Ƙanana?

Mafi yawan albasar da ke cika manyan kasuwannin Nijeriya da rani ake noma ta, a wurare irin su Aliero ta jihar Kabi, da Goronyo da Wurno ta jihar Sakkwato, da kuma Kano. A jamhuriyar Nijar garin Galmi na jihar Tawa ya yi suna har ana kiran wani irin albasa da sunansa. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu kasuwa kan cika ta batse, farashi ya faɗi. Da damina ta kankama sai laima ta shiga rumbuna, albasa ta riƙa ruɓewa ko tsirowa, kafin ƙarshen shekara ta yi tsada. Mutane da yawa ba su manta da ƙarshen shekarar 2020 ba, lokacin da albasa ta nemi ta gagari talaka a duk faɗin ƙasar nan.

A nan ne ƙaramar albasa ke da ranarta. Ba ta buƙatar fili mai yawa, tana nuna da wuri, ba ta buƙatar dashe, kuma guda ɗaya ko biyu sun isa miya ba tare da an bar ɓari yana bushewa ba. Bugu da ƙari, tana shiga bakin kwalba sukutum, wanda shi ne ya sa ta dace da tsimawa.

Zaɓen Iri

Albasa tsiro ce mai lura da tsawon yini. Ba ta fara yin kai sai hasken rana ya kai adadin sa'o'in da irinta ke buƙata. Wasu ire-iren na arewacin Turai sai yini ya kai awa 14 zuwa 16 suke yin kai. A Mutum Biyu kuwa yini ba ya nisa da awa 12 duk tsawon shekara. Saboda haka wanda ya sayi irin waɗancan ƙasashe don kawai ya ga hoto mai kyau a jikin takarda, ganye zai tara. Abin da ya dace da mu shi ne irin gajeren yini, kamar jar albasar Kano ko 'yar Galmi.

Abu na biyu shi ne sabunta. Irin albasa ba ya daɗewa da rai, musamman a wuri mai zafi da laima. Idan ya wuce shekara ɗaya yawancinsa ba ya tsirowa. Kafin a shuka sai a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe. Idan 14 ko fiye sun tsiro, irin na da kyau. Idan ba su kai rabi ba, gara a nemi wani.

Lokacin Shuka da Gyaran Komi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Sanyin hunturu na taimaka wa ganye ya yi ƙarfi, zafin bazara kuma ya zo daidai lokacin nuna da bushewa. Shukar damina na fama da cututtukan ganye saboda laima.

A zaɓi wurin da rana ke samu sosai, ba ƙarƙashin mangwaro ba. A tayar da komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, a farfasa ƙasar ta yi laushi, a tsince duwatsu da saiwoyi. Ƙasa mai ɗan yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta ta fi laka. A zuba ruɓaɓɓen takin gida kaɗan, a cakuɗa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona tsiro, yana kuma kawo ciyawa. Kada a cika taki, musamman yuriya, domin yawansa na sa ganye ya yi yabanya, wuya ya yi kauri, kuma albasa mai kaurin wuya ita ce ke fara ruɓewa. Daga nan a kewaye wurin da danga, saboda kaji da awaki ba su san wahalar mai lambu ba.

Shuka da Tazara

Mai neman manyan albasa yakan yayyafa iri a wuri guda, bayan mako 6 zuwa 8 ya cire ya dasa, yana barin tazarar santimita 10 zuwa 15. Mai neman ƙanana ba ruwansa da dashe. A ja layuka da tsinke a kan komi, tsakanin layi da layi santimita 10, zurfi kuma kada ya wuce santimita 1. A gauraya irin da busasshen yashi don ya watsu daidai, a zuba a layukan, a rufe da ƙasa mai laushi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, a cire ta da zarar tsiro ya leƙo.

Bayan kamar mako 3 sai a rage inda ya yi cunkoso, a bar santimita 2 zuwa 3 tsakanin tushe da tushe, wato faɗin yatsu biyu. Wannan matsi shi ne sirrin aikin. Kowane tushe na gasa da maƙwabcinsa wajen ruwa da abinci da haske, don haka sai ya yi ɗan kai mai tauri ya tsaya. Idan aka lissafa, layi 10 masu tsawon mita 2 za su ɗauki tushe sama da 600. Giram ɗaya na irin albasa na ɗauke da ƙwaya 250 zuwa 300, ke nan giram 3 zuwa 4 sun wadatar da komin gaba ɗaya.

Ban-ruwa da Kulawa

Saiwar albasa ba ta nitsewa ƙasa da nisa, shi ya sa take son ruwa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. A makonnin farko a ba ta safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji, don kada ƙarfin ruwa ya tone iri. Idan ta kafu, sau ɗaya a yini ya isa. Ruwan da ya kwanta a komi yana kashe tsiro daga gindi. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta tun tana ƙarama, domin fartanya ba ta da wurin shiga.

Idan aka ga ganye ya yi fari-fari kamar an kankare shi, aikin wasu mitsi-mitsin ƙwari ne da ke ɓuya a matsematsin ganye suna tsotse ruwansa, kuma sun fi yawa idan zafi ya fara. Ana rage su da ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma.

Cira da Shanya

Bayan kimanin wata 3 kawunan za su kai girman ƙaramin goro, ganye ya fara kwanciya. Idan rabinsa ya kwanta sai a daina ban-ruwa na mako ɗaya, sannan a tuge da hannu. A shanya su a inuwa mai iska, a kan tabarma ko gadon kara, har wuya ya bushe ƙayau, ɓawo ya riƙa ƙara idan an taɓa. Wannan kan ɗauki mako 1 zuwa 2. A yanke ganye a bar ɗan wuya. Lawashin da ke da sauran ɗanyantaka ba ya zama asara: a sa a miya, ko a daka a shanya a yi gabu.

Tsimawa a Ruwan Khal

A Ingila da Indiya an saba cin albasar da aka tsima a ruwan khal tare da abinci. Hikimar ita ce tsami na hana ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci rayuwa. A zuba wa albasar ruwan zafi na minti ɗaya don ɓawo ya saki, a ɓare. A barbaɗa gishiri, kamar giram 50 ga rabin kilo, a rufe ta kwana. Gishirin zai zuƙe ruwan jikinta, ta riƙa ƙaras-ƙaras a baki. Washegari a ɗauraye, a tsane, a jera a kwalbar gilashi da aka tafasa ta bushe. A sa citta da kanumfari da masoro da barkono gwargwadon so, a zuba ruwan khal har ya shanye kanta, a rufe ruf.

A nan akwai gargaɗi. A duba jikin kwalbar khal a tabbata tsaminsa ya kai kashi 5 cikin 100, kuma kada a sirka shi da ruwa don ya yi auki, domin raunin tsami na ba ƙwayar cuta mai dafi damar yaɗuwa. A ajiye a wuri mai sanyi da duhu, a jira mako 3 zuwa 4 kafin a fara ci. Idan an buɗe a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko warinta ya sauya, a zubar. Tana tafiya da tsire da gasasshen kifi da wake da shinkafa.

Kalmomin Sana'ar

Ga ɗalibin harshe, lambu ma aji ne. Komi shi ne ɗan yankin da aka kewaye da ƙasa don riƙe ruwa, wasu kuma na ce masa fangali. Yayyafi shi ne watsa iri, dashe kuwa cire tsiro a mayar da shi wani wuri. Lawashi ɗanyen ganyen albasa ne, gabu kuma dakakkensa da aka busar. Wanda ya koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar yawancinmu a Taraba, zai fi saurin riƙe waɗannan kalmomi idan ya ji su a bakin masu lambu yana kallon abin da suke nufi.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa samun ƙananan albasa ya rataya ne a kan sabon iri na gajeren yini, da shuka bayan damina, da taki kaɗan, da matsa tazara. Mai son ya huta da sayen iri baɗi sai ya ware wasu tushe a gefen komi, ya ba su wuri su girma, ya adana kawunan, ya sake binne su da hunturu mai zuwa. Za su yi fure su ba shi irin da zai shuka, ya kuma sam wa maƙwabci.