Me Ya Sa Kirista Ke Cewa Allah Ya Zama Mutum?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, shi ya aiko da wannan tambaya.

A koyarwar Kirista, zunubi kamar rijiya ne, wanda ya faɗa ba ya iya fid da kansa. In ɗanka ne a ciki, ai ba za ka tsaya daga baki kana yi masa faɗa ba, shiga za ka yi. Suka ce haka Allah ya yi saboda ƙauna: Kalmarsa ta ɗauki jiki, budurwa Maryamu ta haifi Yesu a Baitalami. Ya ji yunwa, ya gaji, ya mutu a kan gicciye, ya tashi. A shekarar 451 shugabannin ikkilisiya suka taru a Kalsidon, cikin Turkiyya ta yau, suka tabbatar cewa shi cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma.

Alheri fa? Ɗan ƙwadago ladan guminsa yake karɓa. Ceto kuwa, in ji su, kyauta ne, ba ciniki, bangaskiya ce hannun karɓa. Aikin kirki daga baya yake biyowa, don godiya.