Raba Tsaba Da Ƙaiƙayi A Akwatin Imel

Fataken kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis, da ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel, da masu neman aiki daga Gagarawa da Sule Tankarkar, da yawansu yanzu ta imel saƙo ke iske su. A bakin kowane akwatin imel kuwa akwai wata rariya mai tace wasiƙu. Takan bar na kirki su wuce, ta zuba na banza da na 'yan damfara a wani ɓangare da a ke kira Spam.

Rariyar nan koya mata aiki a ke yi. Tushen dabarar wani lissafi ne na Thomas Bayes, mutumin Ingila, wanda ya rasu a 1761. A 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya bayyana yadda ya yi aiki da lissafin. Ya kasa wasiƙunsa kashi biyu, na kirki da na banza, na'ura ta ƙidaya sau nawa kowace kalma ta fito a kowane kashi. In sabuwar wasiƙa ta zo, sai a auna kalmominta da wannan ƙidaya. Ya ce cikin wasiƙun banza 1,000, waɗanda suka kuɓuce wa rariyarsa ba su kai 5 ba.

Amma fa kuskuren rariya iri biyu ne. Wasiƙar banza da ta kuɓuce, mai akwati zai gan ta ya kau da ita. Ta kirki kuwa, kamar takardar kira ga aiki ko ta ɗaukar ɗalibi, in ta faɗa Spam, ba mai sanar da shi, kuma Gmail yakan share abin da ya yi kwana 30 a can. Domin haka Graham ya riƙa ninka ƙidayar kalmomin wasiƙun kirki, don rariya ta yi jinkirin yanke musu hukunci.

To, wajibin mai akwati shi ne gyara ta fuska biyu. Wasiƙar damfara, ya sa mata alamar Spam, kada ya share ta kurum. Ta kirki da aka jefar, ya maishe ta akwati, ya rubuta adireshin mai ita cikin jerin sanannunsa. Lalle ya riƙa leƙa Spam kowane mako, gama 'yan damfara kullum sake kalmomi su ke yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.