Zangon Baƙi a Ƙasar Makiyaya: Yawon Mota a Karkarar Gabashin Afirka

Daga cikin nau'o'in yawon buɗe ido da ake yi a Gabashin Afirka akwai wanda matafiya ke shafe makonni a babbar motar kaya da aka gyara, aka sanya mata kujeru da akwatunan ajiya da tankin ruwa, suna wuni a kan hanya, idan rana ta yi sanyi su yada zango, su kafa tantuna, su dafa abincinsu da kansu. Hanyar da aka fi bi tana tashi daga Nairobi ne, ta ratsa iyakar Namanga ta shiga Tanzaniya, ta isa Arusha bayan kimanin kilomita 270, sannan ta nausa yamma zuwa Mto wa Mbu kusa da tafkin Manyara, ta hau tudun Karatu, ta wuce Ngorongoro da Serengeti. Yanayi ne ke tsara tafiyar, domin yankin yana da damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma wajen Nuwamba da Disamba, kuma da zarar baƙar laka ta sha ruwa motar komai ƙarfinta sai ta kafe, shi ya sa akasarin masu zuwa suke jiran tsakanin Yuni da Oktoba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ƙasar da ake kafa tantin a kanta. Filin da baƙo ke hange ta tagar mota yana ɗaukarsa jejin da babu mai shi, makiyaya ce ta Masai, wadda aka san inda shanu za su ci da rani da inda za a bari ya huta, kuma a tsakiyarta akwai boma, wato gidan makiyayi da aka kewaye da shingen ƙaya, wanda za a iya kwatanta shi da rugar Fulani. Da yawa daga ƙauyukan Tanzaniya sun samo siffarsu ta yanzu ne a shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Julius Nyerere ta tattara mutanen karkara a matsugunan Ujamaa, wato ƙauyukan haɗin gwiwa, sai kuma dokar filayen ƙauye ta 1999 ta ɗora kula da irin waɗannan filaye a wuyan majalisar ƙauye. Amma wannan kariya ba ta hana raba makiyaya da gurarensu ba. Tun kafin dokar, a 1959 aka fitar da Masai daga Serengeti bisa alkawarin zama a Ngorongoro, a 2009 aka haramta musu noma a can, a 2022 kuma aka shata kimanin murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo aka keɓe domin namun daji, al'amarin da ya haddasa arangama da gudun hijira. Abin takaici ne a ce dajin da ake tallata wa baƙi a matsayin wanda ɗan'adam bai taɓa ba, da korar mutane aka mayar da shi haka.

Ta fuskar kuɗi ma rabon ba daidai yake ba, tunda motar takan yi guzurinta daga manyan kantunan birni, kamfanin da ya shirya tafiyar ya karɓi kuɗinsa tun kafin a tashi, ƙauyen kuwa ya tsira da cinikin ayaba da gawayi da duwatsun ado, alhali sau da yawa daga rijiyar da mata ke bin layi da jarkoki ake cika tankin baƙin. Inda al'amarin ya gyaru shi ne inda jama'a suka riƙe harkar da hannunsu, kamar Il Ngwesi a yankin Laikipia na Kenya, inda Masai suka buɗe masaukinsu a 1996 suna zuba ribar a karatun yara da ayyukan ruwa da lafiya, ko Mto wa Mbu, inda 'yan gari ne ke yi wa baƙi jagora cikin gonakin ayaba da shinkafa, a kuma biya su kai tsaye.